Ƙarin destof ko monita ta biyu? Amsa ga mai shagon buga takardu

Wani ɗan'uwa a cikinmu, mai shagon buga takardu a kan hanyar Dutsin-Ma, ya yi tambaya daren jiya. Laftof ɗaya gare shi. A kanta yake buga firojet ɗin ɗalibai, a kanta yake zana katin biki da CorelDRAW, lissafin shago yana cikin Excel, ga WhatsApp a buɗe don karɓar aiki. Ya ce kafin azahar tagogi sun cika masa allo, har ya rasa inda ya ajiye aikin da yake kai. Wani ya ba shi shawarar ya sayi monita ta biyu, wani kuma ya ce ai Windows tana ba da ƙarin destof kyauta, wato fuskokin aiki daban-daban a kan allo ɗaya, kowanne ma da hoton bangonsa. To wanne zai yi?

Malam, duka biyun na yi aiki da su, kuma ba ciwo ɗaya suke wa magani ba. Monita ta biyu faɗaɗa maka tabarma take yi, ka baje kaya biyu ka gan su lokaci guda. Ƙarin destof kuwa ɗakuna ne a gida ɗaya: kana cikin ɗaya, sauran suna bayan labule. Ka fara tantance abin da ke damunka. Ƙarancin fili ne, ko cakuɗewar kaya?

Daga yadda ka bayyana, cakuɗewa ce, don haka bari in fara da destof ɗin.

Abin ya shigo Windows ne da fitowar Windows 10 a watan Yulin 2015, ko da yake masu Linux sun daɗe suna morewa, Apple ma ta sa nata tun 2007 da sunan Spaces. Riƙe maɓallin Windows ka danna Tab, sai duk tagogin da ka buɗe su jeru a gabanka, ga kuma wurin ƙara sabon destof. Wannan shafin shi ne Task View. Amma wanda ke gaggawa ba ya bin ta nan. Windows da Ctrl da D suna buɗe sabon destof nan take. Windows da Ctrl da kibiyar dama ko ta hagu suna kai ka na gaba ko na baya. Windows da Ctrl da F4 suna rufe wanda kake ciki, kuma kada gabanka ya faɗi, rufe destof ba ya rufe aikin da ke kansa, tagogin sai su koma destof na kusa. In tagar ta buɗe a inda ba ka so, shiga Task View ka ja ta da maus ka jefa ta ɗakinta.

Dalilin da ya sa na rungumi abin nan ba daga karatu na same shi ba. Wata rana a shagona, wajen Ƙofar Ƙaura, wani ɗalibi ya ja kujera ya zauna kusa da ni muna gyara babi na uku na firojet ɗinsa. Na danna Alt da Tab zan koma kan Word, sai katin ɗaurin auren da nake zanawa ya gifta, daƙiƙa ɗaya tak. Yaron ya dafa teburi ya ce, "Kai! Malam, wance ce za ta yi aure?" Ashe 'yar unguwarsu ce, kuma iyayen ba su kai ga sanar da dangi ba. Kafin la'asar zance ya zaga unguwa. Washegari da safe uban yarinya ya zo, bai ɗaga murya ba, ya dai karɓi filashinsa ya ce a bar aikin. Wannan shirun ya fi mini zagi ciwo.

Tun daga ranar, destof na farko na wanda ke zaune kusa da ni ne, ba abin da ke kansa sai takardarsa. Zane yana na biyu, lissafi da WhatsApp suna na uku. Akwai kuma saiti ɗaya da sai da shi tsarin ke tsayawa: shiga Settings, sai System, sai Multitasking, ka tabbatar layin ƙasan allo da Alt da Tab duka an saita su su nuna tagogin destof ɗin da kake kai kaɗai. In aka bar su suna nuna na ko'ina, ka yi ɗakuna ne ba bango.

Yanzu ɗora monita ta biyu a kan wannan labarin. Da ita nake aiki a ranar, da katin yana shimfiɗe ɓaro-ɓaro a allo na biyu, yaron ma ba sai ya jira giftawa ba. A shagon da mutane ke shiga da fita, monita ƙara tona asiri take yi.

Amma akwai inda destof ba ya kama ƙafarta. Ɗalibi ya turo maka hoton rubutun hannunsa ta WhatsApp, shafi arba'in, ka kwafe a Word. Nan idonka yana buƙatar hoton da takardar a lokaci ɗaya. In ka raba su destof biyu, kowane layi sai ka yi tsalle ka dawo, kafin shafi biyar kanka ya fara sarawa. Da monita kuwa, hoto a dama, Word a gabanka, yatsu na tafiya ba tsayawa. Haka in kana ɗebo alƙaluma daga wata takarda kana zubawa a Excel. Akwai dabarar raba allo ɗaya gida biyu, Windows da kibiyar hagu ko dama, kuma tana taimakawa. Sai dai yawancin laftof ɗin hannu da ke yawo a kasuwarmu masu inci 14 ne, da yawa kuma faɗin allonsu ɗigo 1366 ne, in ka raba kowane ɓangare ya tashi da 683. Rubutun ɗalibin da dama kamar tafiyar kaza yake, a wannan ɗan fili sai ka yi ta matso da fuska.

Wajen kuɗi da wuta ba sai an ja zance ba. Destof ba ka biyan ko kwabo. Monita sai ka saya, ka nemi waya, ka ba ta wuri a teburi, ga shi ba ta da batir. In an ɗauke wuta laftof ta ci gaba, ita kuwa ta mutu, tagogin da ke kanta su turo kansu cikin ƙaramin allo. Mai inci 22 ko 24 ta zamani tana jan wajen wat 20 zuwa 30, ba wani abu ba ne ga mai janareta, amma mai ƙaramar sola da ke lallaɓa firinta da fanka ya san lissafin. Kafin ka saya kuma ka leƙa gefen laftof ɗinka. HP EliteBook 840 G3, wadda ta cika shagunanmu, VGA da DisplayPort gare ta, ba ta da ramin HDMI, sai da adafta. In ka haɗa, Windows da P ka zaɓi Extend, in ba haka ba abu ɗaya za ka gani a allo biyu.

Sai maganar hoton bango, inda wanda ya ba ka shawara ya faɗi rabin gaskiya.

A Windows 10 duk destof ɗinka hoto ɗaya suke ɗauka. Ka canza a ɗaya, ya canza a duka. Abin da ta ba ka shi ne sa wa kowanne suna, wannan ma sai da sabuntawar watan Mayun 2020 ya zo: a Task View ka danna kan Desktop 1 ka rubuta Firojet, ko Kati, ko Lissafi. Akwai 'yan manhajoji a intanet da ke cewa za su raba maka hoton, amma ni ba zan ce ka sauke abin da ba ka san asalinsa ba a kwamfutar da ke ɗauke da takardun jama'a.

Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, ita ce ta kawo hoto daban ga kowane destof. A Task View ka danna maɓallin dama na maus a kan destof ɗin, ka zaɓi Choose background, ka ɗauko hoton. Sharaɗi ɗaya ne: dole ya zama hoto guda ɗaya marar sauyawa. In ka zaɓi launi zalla ko hotuna masu sauya kansu, duka destof ɗin za su bi. Wanda ke son launi zalla sai ya buɗe Paint, ya zuba launin ya cika shafi, ya adana shi a matsayin hoto, shi ke nan ya zagaye dokar. In kuma Windows ɗinka ba ta da lasisi, irin mai rubutun Activate Windows a kusurwar ƙasa, shafin canza hoton a kulle za ka same shi.

Kada ka ɗauki hoton nan a matsayin kwalliya. Alama ce, kamar yadda ba ka buƙatar allon suna kafin ka san ka iso Ƙofar Soro. Ni destof ɗin baƙi hasumiyar Gobarau na sa, jar ƙasarta ana gane ta ko da gefen ido. Na zane, hoton hawan Sallah mai dawakai da launuka. Na lissafi kuwa kore ne zalla na Paint, da na ga kore na san nan kuɗi ne, ba a juya wa kowa allo. Wani abokina ɗan Daura rijiyar Kusugu ya sa a nasa na aiki. Abin lura dai kada hotunan su yi kama da juna. Wanda ya sa hoton 'ya'yansa uku, ɗaya a kowane destof, duk cikin fararen kaya na Sallah, bai raba komai ba. Kuma in da waya za ka ɗauka, ka kwantar da ita, don hoton tsaye in ya hau allo sai a yanke masa kai da ƙafa.

Abubuwa uku da destof ba ya yi, gara ka ji su yanzu. Ba ya rage wa kwamfuta nauyi: CorelDRAW da ke bayan labule yana nan yana cin ram ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, in gig 4 gare ka, nawar da ka saba ita za ka ci gaba da gani. Ba ya raba fayilolin da ka zube a fuskar allo, waɗannan suna bin ka kowane ɗaki, don haka kada ka ajiye fayil mai sunan amarya a nan. Na uku, labule ne ba ƙyaure ba. Yaron shago da ya san Windows da Tab ya ga komai. In sirri kake so na gaske, buɗe masa asusunsa daban da kalmar sirri, kai kuma in za ka tashi salla ka danna Windows da L. Wani ɗan abin haushi kuma, wasu manhajojin in suna buɗe a wani destof ka danna fayil ɗinsu, sai su fizge ka su kai can. Da sabo ake wuce wannan.

Masu MacBook, naku yana cikin Mission Control, har destof 16, kowanne da hotonsa, Control da kibiya ke zagayawa da ku. A Linux ya danganta da fuskar da aka ɗora: Xfce tana yarda da hoto daban-daban, GNOME hoto ɗaya take bai wa duka.

Shawarata gare ka, Malam, ka fara da destof uku yau, kada ka wuce haka, don na ga wanda ya buɗe takwas ya koma neman aikinsa ɗaki-ɗaki. Ka yi mako biyu a haka. In har yanzu kwafe rubutun hannu ne ke cinye maka yini, to sai ka nemi monita, ka juya fuskarta bango ba wajen kujerar baƙi ba. Suna tafiya tare lafiya, sai dai ka sani a Windows in ka sauya destof, allon biyu duka suke sauyawa.

Batun komawa Windows 11 saboda hoto kaɗai, bai kai ba. Amma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, wannan kuwa dalili ne mai nauyi ga mai karɓar filashin mutane kullum. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, da ram aƙalla gig 4, da furosesan Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Shiga Settings, System, About, ka karanta lambar da ke bayan i5 ko i7. In da 8 ta fara, kamar 8250U, hanya a buɗe take. In 6300U ka gani, ƙarni na 6 ke nan, sai ka yi haƙuri da sa wa destof suna har Allah Ya hore canji.