Tauraro ko kiran suna: yadda za ka jera import a Python

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka shigo da tkinter, ɗakin karatun Python na haɗa tagogi da maɓallan manhaja. Tsakanin `from tkinter import *` (mai tauraro, wato alamar `*` da ke kwaso duk sunayen da ke ciki) da `import tkinter as tk`, ɗauki na biyun kawai, hankalinka kwance.

Na taɓa haɗa wa wani kantin magani ƙaramar manhaja mai nuna hoton kowane kwali kusa da farashinsa. A layin farko na sa `from PIL import Image` (PIL shi ne sunan da ake kiran Pillow, ɗakin karatun sarrafa hotuna, a cikin import), a ƙasansa na sa tkinter da tauraro. Sai `Image.open` ya ƙi aiki, wai Image ba shi da wani abu mai suna open. Na cire Pillow na sake sakawa, na canza hotunan, duk a banza, har kwana biyu. Ashe tkinter ma yana da nasa Image, shi ya shigo daga baya ya danne na Pillow, kuma Python bai ce uffan ba. Haka `from os import *` yake danne `open` ɗin da ka saba da shi.

A daren na zauna na mayar da komai `tk.Button`, `tk.Label`, `tk.Entry`. Bayan wata shida mai kantin ya kira, yana son a ƙara gurbin ranar lalacewar magani. Wallahi da na buɗe fayil ɗin sai na ji daɗi, domin kowane suna yana ɗauke da sunan gidansu, ban tsaya laluben asalin komai ba. Kafin la'asar na gama na tura masa.

Tauraro kuwa yana rage maka ɗan rubutu idan gwajin minti biyar kake yi. Iyakar amfaninsa ke nan.

Wajen jerawa, bi PEP 8, jagoran salon rubuta Python, wanda yake nan tun 2001: duk import a saman fayil, na cikin Python kamar `os` da `json` su fara, sannan waɗanda ka sauko da su da pip (manhajar sauke fakitin Python), sannan naka na gida, da layi ɗaya fanko tsakanin kowane rukuni. Kada ka wahalar da kanka da hannu, manhajoji irin su isort ko ruff za su jera maka, flake8 mai duba kurakurai kuma zai nuna maka tauraro da lambar F403.

Wani abin da ba ka tambaya ba. Ka yi hattara da masu sayar wa ɗalibai furojet da aka riga aka rubuta. Galibi cike yake da tauraro, kuma kana biya sun daina ɗaga waya. Duba kowane suna a `requirements.txt`, fayil ɗin da ke lissafa fakitin da furojet yake buƙata, harafi bayan harafi kafin ka sauke, domin akwai na bogi masu kama da na gaske. A 2018 an kama `colourama` a PyPI, rumbun fakitin Python, yana kwaikwayon `colorama`, yana musanya adireshin Bitcoin da mutum ya kwafa. A 2019 kuma aka cire `jeIlyfish` mai kwaikwayon `jellyfish`, da babban I a gurbin l, wanda yake satar makullan SSH, wato makullan shiga wata kwamfuta daga nesa.