Allurar adalimumab ga mai gyambon babban hanji: yadda na same ta daga wani ƙauye a ƙasar Ringim

Adalimumab allura ce da ake rubuta wa masu cutar gyambon babban hanji, wadda likitoci ke kira alsaratif kolaitis, bayan magungunan farko irin su mesalazine da prednisolone sun gaza. Tana zuwa a cikin wani abin allura mai siffar biro, wanda mara lafiya zai iya danna wa kansa a cinya ko a fatar ciki. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kuma ɗan yayana, wanda malamin firamare ne, yana kan wannan allura. Hukuncina a kanta shi ne magani ce ta gaske, amma ba ta dace da kowane gida ba, kuma dalilin amfaninta da dalilin haɗarinta abu guda ne.

A wurinmu duk wanda ya ga jini da majina a bayan gida, ko dai a ce atini ne ko a ce basir ne. Shi ma haka aka yi ta ɗura masa Flagyl da jiƙe-jiƙe, har sai da aka leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara a wani babban asibiti a Kano, aka ga kumburi ya tashi daga dubura ya miƙe sama ba yankewa, wanda shi ne halin wannan cuta. Ba wata ƙwayar cuta guda da za a kashe a huta. Garkuwar jikin mutum ce take tayar da faɗa a fatar hanjinsa, tana kuma yin hakan ta hanyar wasu ƙananan sinadarai da ake kira saitokin, waɗanda ƙwayoyin garkuwa ke aika wa juna saƙo da su.

Aikinsu ya yi kama da ihun ɓarawo a tsakar dare: mutum ɗaya ya kwarara, na kusa ya karɓa, kafin a ankara gari ya fito da sanduna an tattake shukar da aka fito karewa. A hanjin mai wannan cuta ihun ba ya tsayawa. Saitokin ɗin da ake kira TNF yana sa jijiyoyin jinin hanji su riƙa kamo fararen ƙwayoyin jini suna shigar da su wurin, yana kashe ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji, yana kuma sassauta ɗinkin da ke tsakaninsu, ta yadda ƙwayoyin bakteriya na cikin bayan gida za su kutsa ciki su ƙara hura wutar. Wani saitokin mai suna intalukin 8 yana jawo rundunar fararen ƙwayoyin da ke taruwa su zama mugunya. Intalukin 6 kuwa har hanta yake kai saƙo, ya sa ta ƙera sinadarin CRP da ake aunawa a jini don gane kumburi, ya kuma sa ta fitar da wani sinadari mai suna hefsidin wanda ke hana hanji tsotse ƙarfen da jiki ke gina jini da shi. Wannan ne ya sa ɗan yayana ya yi ta shan maganin ƙarin jini amma tafin hannunsa bai daina fari ba. Akwai kuma mai kwantar da tarzoma, wato intalukin 10. A 1993 masu bincike a Jamus sun nuna cewa ɓerayen da aka hana wa ƙera shi kumburin hanji yake kama su.

A cikin duk waɗannan, adalimumab TNF kaɗai take kamawa ta hana shi isar da saƙo. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita domin wannan cuta a 2012, shekara bakwai bayan ta amince da 'yar'uwarta infliximab, wadda ita a lokacin sai an kwantar da mutum an ɗaura masa ta cikin ƙarin ruwa. Babba yana farawa da miligiram 160, bayan mako biyu a yi masa 80, daga nan sai 40 duk bayan mako biyu. Ga mutumin ƙauye wannan shi ne babban abin yabonta, domin ba sai ya riƙa biyan kuɗin mota zuwa birni duk lokacin allura ba.

A kan ɗan yayana ta yi aiki. Jinin ya fara raguwa, tashin dare zuwa makewayi ya ja baya, likita ya janye masa prednisolone sannu a hankali, fuskarsa da ta kumbura saboda shi ta koma daidai. Abin da ya fi faranta masa rai ba sakamakon gwaji ba ne. Ce mini ya yi: “Baffa, yanzu da alwala ɗaya nake yin magariba da lisha.” Duk wanda ya san yadda wannan cuta ke hana mutum tsayuwa a sahu, ko zama a gaban ɗalibai na minti arba'in, zai gane nauyin wannan magana.

Sai dai bai kamata labarin mutum ɗaya ya ruɗi kowa ba. A babban gwajin da ake kira ULTRA 2, waɗanda cutar ta lafa musu sarai bayan shekara guda a kan allurar kusan kashi 17 ne cikin 100, alhali a cikin waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a cikinta an sami kusan kashi 9. Waɗanda suka sami sauƙi ba tare da lafawa gaba ɗaya ba sun fi haka yawa, amma duk da haka lissafin bai kai yadda tsadar maganin za ta sa mutum ya zata ba. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya fahimci saitokin: idan aka toshe TNF, a jikin wasu mutane intalukin 23 da ire-irensa su ne ke ci gaba da jan ragamar kumburin. Shi ya sa domin wannan cuta aka amince da ustekinumab a 2019 da mirikizumab a 2023, masu toshe intalukin 23, da kuma ƙwayar tofacitinib a 2018, wadda ke toshe hanyar da saƙonnin saitokin da dama ke bi a cikin ƙwayar halitta. Wani gwaji da aka buga a 2019 ma ya nuna wata allura mai suna vedolizumab ta fi adalimumab wajen lafar da cutar, da kusan kashi 31 a kan kashi 23. Ga wasu kuma allurar takan yi aiki da farko, daga baya jiki ya ƙera abin da zai yaƙe ta.

Inda na fi son masu karatu na yankinmu su tsaya su yi tunani shi ne tarin fuka. TNF ɗin da ke ɓarna a hanji shi ne ke riƙe da katangar da jiki ke ginawa ya tsare ƙwayar tarin fuka a huhu shekara da shekaru ba tare da ta yi motsi ba. Da zarar an danne shi katangar tana iya rushewa, kuma tun 2001 aka buga rahoton mutum 70 da tarin ya tasar musu bayan an ba su infliximab. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan tari, ga ciwon hanta nau'in B wanda shi ma yakan farka idan garkuwa ta yi sanyi. Saboda haka kafin allurar farko dole ne a ɗauki hoton ƙirji, a yi gwajin ɓoyayyen tarin fuka da na hanta da na ƙanjamau. Likitan ɗan yayana ya ƙi rubuta maganin sai da sakamakon ya fito, kuma ina ganin duk likitan da ya tsallake wannan mataki bai cancanci a bi shi ba. Wanda ke kan allurar ba a yi masa rigakafin shawara, sannan macen da aka yi wa ita tana da tsohon ciki dole ta sanar da ungozomar asibiti, domin akan jinkirta wa jaririnta allurar rigakafin tarin fuka ta BCG na wasu watanni maimakon a yi masa ita da haihuwa kamar yadda muka saba.

Ajiya ma wata wahalar ce. Maganin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba ya son daskarewa, kuma idan ya fita daga firiji ainihin samfurin kwana 14 kawai yake jurewa, shi ma in zafi bai wuce digiri 25 ba. A watan Afrilu ɗakunanmu sukan haura 40. Daga Kano a cikin kula da ƙanƙara ake kawo mana shi, da ƙyalle a tsakani don kada ya taɓa ƙanƙarar, sannan ya shiga firiji mai aiki da sola. Gidan da ke dogara da wutar gwamnati ko randa kada ya fara.

Maganar kuɗi gajeriya ce: yana da tsada ƙwarai, farashinsa yana bin dala, kuma ba a samunsa a kemis ɗin kasuwar ƙauye. Samfuran wasu kamfanoni masu aiki iri ɗaya, waɗanda Indiya ta fara fitarwa a 2014, sun fi rangwame, kuma da irinsu muke amfani bisa shawarar likita. Mu dangi ne muke karo-karo, bayan an sayar da riɗi akan ware na wata da watanni. Duk wanda zai fara ya lissafa kuɗin shekara guda tukuna, domin yi a tsaya a sake komawa yana ƙara yiwuwar jiki ya ƙera abin da zai kashe ƙarfin maganin, a yi asarar kuɗin da maganin gaba ɗaya.