Gargaɗi ga masu ajiyar miya a kwalba: ku kiyayi masu sayar da tsofaffin kwalabe da sunan sababbi

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mata masu shirin ajiye kayan miya tun tumatir yana araha. Abin da zan faɗa ya faru ne a ɗakin ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, kuma da idona na gani. Na kwana biyu ina juya shi a raina, na ga idan na yi shiru wata ta faɗa irin wannan ramin, ni ma ina da alhaki.

Kowa ya san yadda abin yake. Daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, tumatirin Kura da Kadawa da Danja yana cika kasuwa har kwando ya faɗi warwas. Damina na sauka kuma ya zama sai wane da wane. Ga wutar lantarki ba tabbas, balle a dogara da firiza. Don haka duk macen da aka ce mata ga hanyar ajiye miya shekara guda ba firij, dole ta saurara. Ta wannan ƙofar macuta suke shigo mana.

Ƙanwata ta ga tallar ne a WhatsApp. Wata mata ce ke sayar da abin da ta kira cikakken kayan ajiya: kwalabe dozin biyu da murafensu, da tukunyar matsin tururi, sannan ta saka ki a zauren koyarwa kyauta. A bidiyon an jera kwalabe suna ƙyalli, wannan miyar tumatir, wannan farfesun kayan ciki, wancan wake, ana cewa duk za su yi shekara biyu a kan kanta. Sharaɗinta shi ne a tura kuɗi gaba ɗaya kafin ta ba direba kaya a tasha. Ƙanwata ta cire daga kuɗin adashinta ta tura.

Sai da ta riga ta cika kwalba takwas sannan ta kira ni. Ta ce, "Yaya, ki zo ki duba min, uku daga ciki murfinsu ya kumbura, ɗaya ma tana tsiyaya." Kwana biyar ke nan da yin su.

Da na je, ragowar kwalaben da ba ta taɓa ba na fara ɗagawa. Tsayinsu ma ba ɗaya ba ne. A jikin wasu akwai sauran danƙon takardar da aka kankare, irin wanda ke kama yatsa. Na shinshina cikin ɗaya, ƙanshin mayonis yana nan bai fita ba. Kwalaben bama ne da na jam, irin waɗanda 'yan gwangwan ke bi gida-gida suna saye, aka wanke aka jera a sabon kwali. Na zagaya bakin wata da ɗan yatsa, sai na ji kaifi, ashe ɗan ɓantare ne wanda ido ba ya gani sai an ɗaga ta a rana. Murafen kuma an fesa musu fenti mai ruwan zinare. Na sa farce na kankara, tsatsa ta bayyana a ƙasa. Na juya cikinsu, robar da ke zagaye ta riga ta lotsa, da shatin bakin wata kwalbar da ta taɓa rufewa. Tukunyar kuwa ƙaramar tukunyar dafa wake da ganda ce ta lita shida, babu ma'aunin matsi a kanta, kwalba biyu ma da ƙyar suke tsayuwa a ciki.

Asarar kuɗin ta yi min ciwo, amma abin da ya tayar min da hankali shi ne koyarwar da ke cikin zauren. Ƙanwata ta nuna min saƙonnin: a markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a soya da nama, a zuba da zafinsa, a malala mai a sama, a rufe, a kifa kwalbar ta kwana. Mai son ƙarin tabbaci ta tafasa minti ashirin a tukunyar. Da ƙanwata ta tura hoton murfin da ya kumbura tana neman bayani, aka ce mata ita ce ba ta iya ba. Da ta sake magana aka cire ta, aka toshe lambarta.

Sai ta ce min, "To Yaya, mu zubar da ukun nan, biyar ɗin ai lafiyarsu ƙalau, ko wari ba sa yi." A nan na zaunar da ita, kuma a nan nake roƙon kowa ya natsu ya karanta.

Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum. Irinta yana cikin ƙasa, yana manne a jikin albasa da dankali da duk abin da ya taɓa turɓaya. A sarari ba ya cutar da mu, kullum muna cinsa. Amma idan ya samu wuri mai laima, marar iska, marar tsami, kuma ba sanyi, sai ya farka ya fitar da dafi wanda yana cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani a duniya. Ku dubi kwalbar miyar nama da aka malala wa mai aka rufe aka ajiye a kan kanta a zafin Kano: duk sharuɗɗan nan huɗu sun cika. Kuma dafin nan ba lallai ya sa abinci wari ba, ba lallai ya canza masa launi ba, ba lallai murfi ya kumbura ba. Kwalbar da ta kumbura ta yi miki alheri, ta faɗa miki gaskiya. Wadda ta yi shiru ita ce abar tsoro.

Tafasa ba ta kashe wannan iri nata da ke cikin ƙasa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, ko kin kwana kina ƙara itace ba zai wuce nan ba. Irin kuwa sai an kai digiri 116 an tsaya a kai na tsawon lokaci sannan yake mutuwa, kuma ba a kai wa can sai a tukunyar da ke tsare tururi da matsin da aka auna. A watan Afrilu na 2015, a garin Lancaster da ke jihar Ohio ta Amurka, an yi walima a wata majami'a aka ci haɗin dankalin Turawa. Dankalin an ajiye shi ne a gida cikin kwalba, da tafasasshen ruwa kawai aka yi, ba da tukunyar matsi ba. Mutum 29 suka kamu, har aka rasa rai. Wannan a ƙasar da ke da maganin karya dafin a ajiye da na'urorin taimakon numfashi ke nan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Iyakar da masana suka shata ita ce tsami. Abincin da ma'aunin tsaminsa ya tsaya a 4.6 ko ƙasa da haka (a wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce ƙarin tsami), kamar yawancin 'ya'yan itace, ana iya ajiye shi ta hanyar tafasa kwalbar a ruwa. Nama, kifi, wake, dankali, tattasai, albasa, duk ba su da wannan tsamin. Tumatir shi kansa a bakin iyaka yake, shi ya sa littafin jagora na ma'aikatar aikin gona ta Amurka ya ce a ƙara masa ruwan lemon tsami na kwalba, babban cokali biyu a kwalba mai kusan lita ɗaya, ko rabin ƙaramin cokali na garin sitirik. Markaɗenmu na gida kuwa ba tumatir zalla ba ne. Da zarar kin tula tattasai da albasa tsamin ya ragu, ya tashi daga sahun abin da tafasa ke wadatarwa. Wannan ne abin da masu tallar nan ba sa faɗa, ko don ba su sani ba, ko don faɗarsa zai kashe musu kasuwa. Ko wanne ne, ran mutane suke wasa da shi.

Kwalbar da aka ƙera domin wannan aiki tana da tarihinta. John Landis Mason ne ya yi rajistar ta a Amurka a 1858, a 1915 kuma Alexander Kerr ya fito da murfi mai ɓangare biyu da ake amfani da shi har yau: faifan ƙarfe mai danƙo a zagayensa, da zobe mai ɗaurewa. Bakinta iri biyu ne, mai milimita 70 da mai faɗi na milimita 86, an yi ta don ta jure shiga zafi da fita sau da yawa, kuma galibi sunan kamfani da layukan awo a jikin gilashin suke, ba a takarda ba. Kwalbar da zoben ana ta maimaita su muddin ba tsaga ba tsatsa. Faifan kuwa sau ɗaya ne tak. Zafi ne ke tausasa danƙon ya kama bakin kwalba, idan ya lotsa sau ɗaya ya gama aikinsa. Duk wanda ya ce miki murfinsa na ƙarfe har abada ne, ki rufe jakarki. Kwalbar mayonis kuma an yi ta ne don a cika ta sau ɗaya a masana'anta. Bakinta siriri ne, cokali da wuƙa sun sha karce ta, kuma a cikin matsin tururi ta fi saurin fashewa.

Ko sabon faifan ma ana yin jabunsa. A 2020 da 2021, lokacin korona, murafe sun yi ƙaranci a Amurka saboda mutane sun koma ajiyar abinci a gida, sai jabun masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni suka cika kasuwannin intanet. Irin waɗannan suna da ƙarfe sakayau da ke lanƙwashewa a tukunya, da danƙo siriri wanda ba ya kamawa. Saboda haka kyawun kwali ba hujja ba ne. Ki ɗauki faifan a hannu, ki duba danƙon ya zagaye daidai ba gurbi, ba tabo, ba lotsawa.

Sai tukunya. Tukunyar dafa wake da sauri daban, tukunyar ajiya daban, ko da kamanninsu ɗaya. Ta ajiya dole ta ɗauki aƙalla kwalba huɗu masu kusan lita ɗaya a tsaye, da faranti mai huji a ƙasa don kada gilashi ya taɓa gindin tukunya, da ma'aunin matsi, ko mai allura ko mai nauyi. Ƙaramar tukunya tana saurin zafi tana saurin hucewa, lokutan da aka gwada ba su yi daidai da ita ba. Kafin a ɗora nauyin, sai an bar tururi ya yi ta fita minti 10 don iska ta fice. Nama a kwalbar rabin lita minti 75 yake ɗauka, a babbar kuwa minti 90. Ku kwatanta wannan da minti ashirin ɗin da aka koya wa ƙanwata. Har tudun gari yana shiga lissafi, domin a wuri mai tudu ruwa yana tafasa tun zafinsa bai kai digiri 100 ba. Da tukunya mai ma'aunin nauyi, fam 10 na matsi ya isa a bakin teku kamar Legas, amma wurin da ya haura mita 300 sai fam 15. Kano tana kusan mita 480, Jos kuwa wajen mita 1,200. Ki tambayi mai sayar miki wannan tambaya guda: matsi nawa zan sa a garinmu? Idan ta fara kame-kame, kin san da wa kike ciniki.

Ba ina hana kowa ajiya ba ne, ni ma ina yi. Amma wadda ba ta da kayan ƙwarai, kauda tana nan, iyayenmu da ita suka riƙa ratsa damina. A yanka tumatir a shanya a kan tabarma mai tsabta ya bushe ƙayau, haka tattasai da kuɓewa. Abin da ya bushe sosai wannan ƙwayar ba ta samun wurin zama a cikinsa. Idan kuma za ki sayi kwalabe, kada ki tura kuɗi gaba ɗaya ga wadda ba ki san shagonta ba. Ki je da ƙafarki ko ki aiki wanda zai duba, a buɗe kwali a gabansa.

Wadda kuma ta riga ta bi irin wannan koyarwar, don Allah kada ta ɗanɗana ko da bakin cokali ne, kada ta ba kaji ko awaki. Idan wani a gidan ya riga ya ci, a sa masa ido. Alamun sukan fara tsakanin awa 12 zuwa 36, wani lokaci har bayan kwanaki: gani biyu-biyu, fatar ido tana saukowa, magana tana sarƙewa, haɗiya tana wuya, kasala tana gangarowa daga fuska zuwa hannuwa da ƙirji, galibi ba zazzaɓi. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba na kemis ba ne. A garzaya babban asibiti, a gaya wa likita a fili cewa ya ci abincin kwalba na gida.

Mu dai ranar hannu muka sa a leda muka ɗauki kwalaben nan takwas. Waɗanda suka kumbura muka nutsa su a tsohuwar tukunya, ruwa ya rufe su, suka tafasa minti 30, sannan muka ɗaure duka a buhu muka binne a inda yara da dabbobi ba za su tona ba. Kantar muka wanke da ruwan bilic. Sauran goma sha shidan ƙanwata ta zuba kuka da daddawa da barkono a ciki, tukunyar tana dafa wake da ita. Ta adana hotunan tallar da shaidar tura kuɗin, mun shirya kai koke ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da kuma NAFDAC. Ranar da aka cire ta daga zauren, akwai mata da yawa a ciki da suke ta turo hotunan kwalabensu suna godiya. Idan kin san wata a cikinsu, ki kira ta yau.