Rumfar albasar da nake zuwa a Farin Gada

Shekara huɗu ke nan ina sayen albasa a wata rumfa a kasuwar Farin Gada da ke Jos, saboda ina sayar da abinci. Mai rumfar dattijo ne, Baba nake ce masa. Albasar Galmi yake kawowa daga Nijar, busasshiya sarai, ɓawonta har ƙara yake a hannu, tana daɗewa a ɗaki ba ta ruɓe ba. Kafin ya ɗinke buhu sai ya zazzage shi a gabanki, ki ga ta ƙasa da idonki.

Ranar Asabar na tarar musu ya kaure kan ficewar Nijar daga ECOWAS, wadda ta tabbata a Janairun 2025. Wani manomi ya dage gara a rage shigo da kaya, na gida su samu kasuwa. Baba ya ce, "Ɗana, ragunan layya fa? Tun kakanni muke ciniki da Maraɗi." Ni bayan Baba nake, don na ji jiki da tsadar kaya lokacin da aka rufe iyaka a 2023.

In an yi ruwa gaban rumfar caɓi ne, ki sa takalmin roba.