Wi-Fi ko Zigbee: wanne ya dace da gida a Kano?

Malam, ka tambaya ko kayan Wi-Fi za ka saya ko na Zigbee (wata hanyar haɗa na'urorin gida ba tare da waya ba) domin gidan da kake ƙarasawa a Rijiyar Zaki, inda kake so fitilun waje, injin jan ruwa da fankoki su riƙa aiki daga wayarka. Duka biyun za su yi maka muddin akwai wuta akwai data. Sai ranar da ɗaya ya yanke ake gane bambancinsu, kuma ko layin Band A alƙawarin awa 20 aka yi masa a rana, ba 24 ba.

Na Wi-Fi sun fi arha da sauƙin ɗaurawa. Ka sayi makunni ko soket, ka sauke manhajar Smart Life ko eWeLink, ka haɗa da rautar gida, shi ke nan. Ka dai lura yawancinsu zangon 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Inda nake da ja da su shi ne hanyar da umarni ke bi. Kana zaune a falo ka taɓa waya don kunna fitilar get, sai saƙon ya tafi saba, wato babbar kwamfutar kamfani, a wata ƙasa kafin ya dawo gidanka. Data ta ƙare ko sabis ya yi rauni, tsarin da ka yi na cewa in an buɗe ƙofa fitila ta kama sai ya tsaya cak. Wasu na'urorin suna riƙe jadawalin lokaci a cikinsu, wasu suna amsawa in kana kan rautar gida, amma ba duka ba. Sannan ƙananan rautocin aljihu (MiFi) da yawa na'ura 10 kawai suke ɗauka, wayoyin iyali ma sun isa su cinye gurbin.

Zigbee kuwa ba ya hawa rauta. Yana da akwatinsa da ake kira hob, kuma na'urorin da ke jone da wuta suna miƙa wa juna saƙo kamar yadda leburori ke miƙa bulo hannu zuwa hannu. A gidan da ke da kaurin bango da rufin kankare, ga sashen maigida ga na iyali, wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Ba ya cin wuta sosai, shi ya sa na'urar jin motsi ko ta ƙofa kan shekara a kan batir ɗan mitsitsi irin CR2032. In ka haɗa shi da manhajar sarrafa kayan gida ta Home Assistant a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, komai a cikin gida yake gudana ko babu intanet. Kuɗin farko ya fi yawa, kuma saitin yana son haƙuri.

Ga abin da mai kanti ba lallai ya gaya maka ba. Masu miƙa saƙon nan wuta suke ci, don haka in aka ɗauke wuta suka mutu, na'urar batir da ke can bakin get ba ta da hanyar isa hob. Dole hob, rauta da layin fitilu su hau inbata.

Tunda ba a gama wayarin ba, ka ce wa mai aikin wutar ya kai wayar nutural cikin kowane akwatin makunni. An saba kai layif kaɗai, kuma makunnan Zigbee marasa nutural galibi ba sa miƙa saƙo. Injin ruwa da esi kuma kada a jona su kai tsaye da ɗan makunni mai amfiya 10, ko na wane iri ne. Kwantakta, wato makunni mai jure wuta mai nauyi, za a sa ta ɗauki nauyin, makunnin ya riƙa kunna ta kawai. A ƙara da na'urar kariya daga wuta mai ƙarfi a babban akwatin gida.

Da ɗan haya ne mai son soket biyu ko uku, Wi-Fi zan ce ya saya. Kai kuwa gidanka ne, kuma kana da sola a lissafi, Zigbee nake ba ka shawara. Ka fara da fitilun waje da injin ruwa, sauran ɗakuna su biyo baya a hankali.