Mariƙin waya na mashin mai robobi: yana aiki, amma har yau ina jin haushin na farkon

Wanda nake amfani da shi yanzu shi ne mai 'yan robobi a tsakiya, tsakanin abin da ke damƙe wayar da ƙarfen da ake ɗaurewa a kan mashin. Yana aiki, ba zan ɓoye ba. Sai dai ba zan iya yabonsa ba sai na faɗi abin da na farkon ya ja min.

Atamfa da leshi nake sarowa a Kantin Kwari, in ɗauki hoto in sa a WhatsApp, in kai wa mata har gida. Kyamarar wayata ita ce shagona. Mariƙin farko da na saya ƙarfe ne zalla, mai shagon ya yi ta yaba shi da cewa ko rami na faɗa wayar ba za ta motsa ba. Ba ta motsa ba kuwa, amma duk rawar injin a jikinta take ƙarewa. Ban daɗe ina amfani da shi ba na lura da zarar na buɗe kyamara sai wayar ta kama wani zuuu a hankali, hoton yana kaɗawa. Wata Hajiya ta ce in turo mata bidiyon leshin ankon bikin 'yarta, na ɗauka na sake ɗauka, furen leshin ya ƙi fitowa. Ta ce, "Malam, wannan ai ba a ganin komai." Kafin la'asar ta saya a wani wuri. Cinikin anko guda ya tafi, kuma 'yan kasuwa sun san abin da hakan ke nufi.

A kasuwar waya ta Farm Centre yaron da ya duba min wayar kunnensa kawai ya kara a bayanta ya ce, "Yaya, a kan mashin kake ɗora ta ko?" Shi ya buɗe min wata matacciyar kyamara ya nuna min. Gilashin ciki ba a manne yake ba, a rataye yake da wasu siraran wayoyi, maganaɗisu ne ke matsar da shi. Akwai kuma jairoskop, na'urar da ke jin karkatar wayar ta ba da umarnin gyara. Asalin jairoskop faifai ne mai juyawa da sauri wanda ba ya son a karkata shi, kamar katantanwa: in tana juyi a kan faranti ka riƙa ƙwanƙwasa farantin a jere, sai ta fara tangaɗi. Na cikin waya ba ya juyawa, ɗan mitsitsin silikon ne da ke karkarwa da kansa, kuma daga yadda karkarwar ta karkace yake gane an juya wayar. An yi tsarin ne don rawar hannun mutum, 'yan kaɗan a daƙiƙa ɗaya. Injin da ke juyi 6,000 a minti kuwa sau 100 ke nan a daƙiƙa, bugu iri ɗaya ba hutu. Na'urar na karanta abin da ba shi ba ne, siraran wayoyin kuma suna galabaita har su saki.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ba sabon abu ba ne. Tun watan Satumba na 2021 kamfanin Apple ya fitar da gargaɗi cewa kada a ɗaura iPhone a kan manyan babura, ƙananan kuma a sa mariƙi mai rage girgiza, kada ma a daɗe ana yi kullum. Tawa ba tasu ba ce, amma tsarin kyamarar ɗaya ne. To don Allah, mai sayar da mariƙin waya bai kamata ya faɗa wa mutum wannan ba?

Na canza kyamara da kuɗin da ya ninka na mariƙin nesa ba kusa ba, sannan na sayi mai robobin. In ka ɗora yatsa a bayan wayar injin na aiki, za ka ji bambanci sosai, kuma zuwa yanzu hotuna garau suke.

Amma shi ma ba tsira ya yi ba. Robar na sa wayar lilo, a titi mai ramuka da ƙyar nake karanta taswira. Ƙusar da ke riƙe da shi tana kwancewa, dole ina yawo da ɗan makullinsa a aljihu. Ɗaya daga cikin robobin ma ta fara tsagewa saboda rana da ƙura, kuma ba a sayar da su daban, wai sai dai in sayi sabo gaba ɗaya. A wannan kuɗin? Yanzu dai wata tsohuwar waya mara wannan kyamarar nake ɗorawa don duba hanya, ta ɗaukar hoton kuma tana aljihuna.