Yaushe ake cewa intanet mai sauri ya kai wani yanki?

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ka tambaye ni ko gaskiya ne intanet mai sauri ya kai kowane lungu na Amurka. Amsar ta dogara ne da yadda aka yi lissafin.

Tun daga 2015 hukumar sadarwa ta Amurka, wato FCC, take ɗaukar megabit (awon yawan bayanan da layi ke ɗauka) 25 a daƙiƙa wajen saukewa da 3 wajen turawa a matsayin ma'aunin intanet mai sauri, sai a watan Maris na 2024 ta ɗaga shi zuwa 100 da 20. A Birtaniya kuwa, tun 2020 doka ta ba magidanci damar neman a ja masa layi mai megabit 10 da 1, muddin kuɗin aikin bai haura fam 3,400 ba, wato abin da ake gani ya wadatar a can, a nan Amurka ba ya shiga lissafi.

A ganina, yadda ake ƙirga waɗanda suka samu ya fi adadin saurin muhimmanci. An yi shekaru a nan idan kamfani ya ce yana iya haɗa gida ɗaya tak a wani yanki na ƙidayar jama'a, sai a rubuta cewa yankin duka ya samu, alhali a karkara irin wannan yanki yana da faɗin gaske. Na san wani manomi da wayar intanet ta tsaya a bakin kwalta, gidansa kuma yana can ƙarshen hanyar ƙasa, har 'yarsa takan ajiye mota a harabar laburare da dare domin ta tura aikin makaranta, amma a takarda gidan nasu yana cikin waɗanda suka samu. Sai a ƙarshen 2022 aka fito da sabuwar taswira da ke bin gida gida, wadda mazauni zai iya ƙalubalanta idan an yi masa ƙarya.

Ko taswirar ma ba ta duba aljihu. Tallafin dala 30 a wata da gwamnati take ba masu ƙaramin ƙarfi ya ƙare a 2024, saboda haka akwai gidajen da waya ta kai ƙofarsu amma ba sa iya biyan kuɗin wata. Ni dai ba zan ce intanet ya kai yanki ba sai an auna saurinsa a cikin gida bayan magariba, lokacin da kowa ya hau, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin mai matsakaicin albashi ba.